Zakin Bayan Mota

Lokacin da aka fara tura ni koyarwa a makarantar firamare ta ƙauyen da ke gaba da namu, kullum da safe nakan bi ta ƙofar gidan wani mai zanen motoci. Gidan yana bakin hanyar da ta fita zuwa Dawanau, da ƙatuwar ɗorawa a gabansa, kuma ban tuna ranar da na wuce ban ga babbar mota a ƙarƙashinta ba. A wancan zamanin bodin manyan motoci na katako ne. Mai mota zai sa kafinta ya haɗa masa bodi, sannan ya kawo ta nan a yi mata ado. Masu fenti suna da yawa a cikin birni, amma duk direban da ya amsa sunansa nan yake kawo tasa, ko da zai yi mako biyu yana jiran layi. Har daga Nijar ake zuwa masa.

Mutumin ya yi karatun allo, hannunsa a ajami abin kallo ne, amma bai yi boko ba. Wata rana ya tare ni ina bisa keke, ya ce wani direba mai zuwa kudu yana son a rubuta masa magana da Turanci a goshin motarsa, ko zan taimaka in rubuta masa a takarda. Na rubuta. Washegari na ga haruffan a jikin motar, kowanne da inuwarsa da ɗan lanƙwasa a ƙafa, sun fi na littafi kyau, alhali bai san abin da ko ɗaya yake faɗa ba. Daga nan muka saba. In na taso daga makaranta sai in jingine keke in zauna a kan buhu ina kallonsa yana aiki.

Yana zana ɗawisu, da jirgin sama, da furanni masu zagaye katakon baya kamar ɗinkin wuyan riga. Amma abin da ya kai sunansa nesa shi ne zaki. Zakin nasa a zaune yake ƙarƙashin kuka, ya take bindigar maharbi da ƙafa ɗaya, shi kuwa maharbin yana can kan reshe ya leƙo, hularsa na shirin faɗuwa. Zakin ba ya huci, ba ya buɗe baki. Kallon mutum kawai yake yi, kallon wanda ba ya sauri. Masu fenti da yawa sun kwaikwaya, nasu ya fito kamar kare ko rago. A tasha in aka ce wa fasinja ya je ya hau mai zaki, ya san wadda ake nufi.

Sannu a hankali motocin katako suka ƙare, na ƙarfe suka shigo, sannan aka fara buga hotuna da kwamfuta ana liƙawa. Shi kuma ya je Makka, ya dawo ya ce ya daina zana abu mai rai. Ya ci gaba da furanni da rubutu na 'yan shekaru, har ido ya fara ba shi wahala, ya ajiye buroshi ya koma gona. Ni ma aka yi ta canza mini makarantu. Mukan haɗu a jana'iza ko ɗaurin aure mu gaisa, ina ce masa Alhaji yana ce mini Malam, shi ke nan.

Ƙanwata tana aure a Ungogo, kuma babbar 'yarta ta karanci zane a wata kwaleji. Ban taɓa ɗaukar karatun nata da muhimmanci ba, a raina nakan ce da ta yi aikin jinya ko koyarwa. Shekarar da na yi ritaya ta zo mana hutun kaka. Yarinya ce marar yawan magana, mai yawan tsayawa ta ƙura wa abu ido. Kwana biyu da zuwanta na same ta a tsugune gaban ɗakin awakin maƙwabcinmu da bokitin ruwa da tsumma, tana goge ƙyauren. Ƙyauren wani tsohon katako ne da ya yi baƙi da datti, na shekara ashirin ina wuce shi. Da ta goge sai ga rabin fuska ta fito, ido ɗaya da gefen geza, da ɗan guntun reshen kuka.

Ta ce, "Kawu, wa ya yi wannan?"

Sai na zauna a kan turmi na ba ta labarin duka. Ta tambaye ni ko mutumin yana da rai, na ce yana nan, tafiyar minti ashirin a babur. Na zaci za ta ce mu je. Ta ce a'a, ba yanzu ba, ba za ta je masa hannu rabbana ba.

Maƙwabcin ya ba ta ƙyauren bayan na sa an yi masa na langa-langa. Daga nan ta shiga neman sauran. Ni na zama ɗan rakiya, domin ni na san tsofaffin direbobi. Mun yi Asabar huɗu muna zuwa Dawanau, muna ratsa tsakanin buhunan gero da wake muna tambaya. Mun sami katako ɗaya a teburin wani mai shayi, wutsiyar ɗawisu ce a kife ƙarƙashin gwangwanayen madara. Mun sami wani a rumfar mai awon hatsi, ya tokare ƙofa da shi. Wani tsohon direba da yanzu yake dillancin dawa ya kai mu gidansa a Bacirawa, ya ciro hoto daga ƙasan akwati: shi ne tsaye da ƙuruciyarsa a bayan motarsa, zakin cikakke a samansa. Bai yarda ya ba mu ba, amma ya bari ta ɗauka da waya. Ya ce da wannan motar ya yi aure, da ita ya kai mahaifiyarsa asibiti, kuma ranar da aka sayar da ita bai ci abinci ba.

Ta koma gida ta yi wata uku ban ji ɗuriyarta ba. Sai ga ta wata Juma'a da alluna uku a naɗe cikin zani, a bayan adaidaita sahu. Ta jingina su a bangon tsakar gida ta buɗe.

Na san zakin nan take. Zamansa ne, da kallonsa, da yadda ya ajiye ƙafa. Amma babu kukar. An sare ta, kututturen kawai ya rage, kuma inda daji yake a zanen asali yanzu fulotai ne da tarin bulo da ginin da bai kai linta ba. Abin da zakin ya take igiyar awon fili ce. Maharbin ya zama mutum mai babbar riga a kan tsani, waya a kunne. A allo na biyu ɗawisun ne, amma kowane ido na wutsiyarsa ƙwayar hatsi ce, ga gero, ga dawa, ga wake, ga riɗi. Na uku jirgin sama ne ya ratsa saman gonakin da aka yi wa shinge da waya. Launukan ba masu ƙyalli ba ne irin na fentin mota. Ta ce da ƙasar gonakinmu ta yi su, jar ƙasa da farar ƙasa da toka da baƙin tukunya, ta tankaɗe ta kwaɓa da ƙaro.

Abin ya burge ni ƙwarai. Amma na ce mata mai zanen dattijo ne, kuma mutum ne da a zamaninsa ba ya son a taɓa masa aiki. Na taɓa ganin ya kori direba da motarsa don ya ce a ƙara wa zakin haƙora. Ta ce ta sani, shi ya sa take son ya fara gani kafin kowa. In ya ce a'a, za ta juya su bango.

Muka je da hantsi ranar Lahadi. Ɗorawar tana nan, amma shaguna sun matse ta. Muka same shi a zaure a kan buzu, yana gyaran bakin fartanya. Ya tsufa sosai, ido ɗaya ya yi fari. Bayan gaisuwa na gabatar da ita, ta durƙusa ta gaishe shi, ya yi mata barkwanci irin na kaka da jika, ya ce ai ya daɗe yana jiran a kawo masa amarya. Sannan na faɗa masa abin da ya kawo mu.

Ya sa aka fitar da allunan waje inda haske yake. Ya matso da fuskarsa har hancinsa ya kusa taɓa na farko, ya bi shi daga sama har ƙasa, sannan ya ja da baya. Can ya tambaye ta, ba tare da ya dube ta ba, ko kukar ce ta gagare ta zanawa.

Ta ce, "A'a, Baba. Na je neman kukar a bayan garinku, na tarar an sare ta an yanka fulotai. Sai na zana abin da na tarar."

Ya juyo ya dube ta da idon mai gani. Ya tambaye ta wa ya gaya mata kukar ta gaske ce. Ta ce babu wanda ya gaya mata, reshen da ya karye ta hagu ne ya sa ta gane, domin a duk katakan da ta samu a wuri ɗaya ya karye, kuma mutum ba ya ƙirƙiro irin wannan. Ya gyaɗa kai. Ya ce a gindinta mahaifinsa yake ɗaure jaki.

Daga nan bakinsa ya buɗe. Ya sa aka kawo mana fura, ya ba mu labarin da ni kaina ban taɓa ji ba duk zaman da na yi da shi. Ya ce shi bai taɓa ganin zaki da idonsa ba. Yana saurayi ya yi aiki a wurin wani mai fenti mutumin kudu a cikin birni, kuma zakin maigidan nasa a tsaye yake, baki buɗe, shi ma daga jikin wani farantin tangaran ya kwafo. Da ya dawo gida ya fara nasa, sai ya ga wannan zakin ba na nan ba ne. Ya zaunar da shi. Fuskar kuwa ta wani muzurun mahaifiyarsa ce, wanda yake zama a kan danga yana kallon kaji, ba ya motsi sai ya ga dama. Ya ce shekara talatin direbobi suna yawo da muzurun Inna a bayan mota suna taƙama. Muka yi dariya har ya yi tari.

Ya ce maigidan nasa ya ga zanen sau ɗaya a tasha, ya aiko masa da saƙo cewa ya lalata masa zaki. Wannan maganar ta daɗe tana yi masa ciwo. Saboda haka shi ba zai faɗa mata irinta ba.

Sai kuma fuskarsa ta canza. Ya ce amma akwai abu ɗaya. Shi ya bar zanen abu mai rai tun da ya dawo daga aikin hajji, ya roƙi gafara a kan waɗanda ya yi, kuma ba ya shiga gardamar malamai a kan wannan, kowa da fahimtarsa. Abin da ba ya so shi ne a tayar da abin da ya binne a jingina masa.

"Aikinki naki ne, jikata. Ba zan hana ki ba. Amma in za ki ce nawa kike girmamawa, to ki nemi hanyar da ba za ki ɗora mini kaya ba."

A hanyar dawowa ta ƙura wa hanya ido. Na zaci ranta ne ya ɓaci, na fara ba ta haƙuri, ta ce ba fushi take ba, tunani take. Ni a ganina maganar ta ƙare ke nan, domin ban ga yadda za a yi zaki ba tare da zaki ba.

Bayan wata biyu ta dawo da allo ɗaya, babba, sai da mutum biyu suka sauke shi. Wannan karon kai tsaye gidansa muka nufa. Da ta yaye zanin, na ga gona ce kawai. Gero ne ya yi zangarniya, da kunyoyi, da 'yar hanya, da fulotai suna cinye ta daga gefe. Sai da na ja da baya na ga abin da ta yi. Gonar da ta rage a tsakiyar gine-ginen, siffarta ita ce zaman zakin: ƙirjin, da ƙafar da ya miƙa, da gezar da zangarniyoyin suka yi. Babu ido, babu baki, babu fuska. Wanda bai san tsohon zanen ba gona zai gani. Wanda ya taɓa bin bayan motar nan a kan hanya zai gane shi kamar yadda ake gane mutum daga tafiyarsa.

Alhaji ya matso ya duba, bai ga komai ba sai gero. Ta kama hannun rigarsa ta ja shi baya taku shida. Ya tsaya, ya karkata kai. Ya ce Masha Allahu a hankali, sau biyu, sannan ya ce a kawo masa kujera. Ya zauna yana kallo har inuwar ɗorawa ta bar wurin.

Da ya gama ya ce aikin bai cika ba, babu gefe. Zanensa bai taɓa fita ba tare da furanni sun zagaye shi ba, kamar a fita da riga babu wuya ne. Ta ce da gangan ta bar wurin, ta gwada sau da yawa furanninta ba sa tafiya kamar nasa. Ya ce ai ba za su yi ba, domin da buroshin kanti take yi. Ya aika aka yanko masa gashi daga wutsiyar akuya, ya ɗaure a bakin tsinken kara da zare, ya daidaita bakin da reza. Ya tsoma a jar ƙasarta ya ja layi ɗaya a kusurwa, ya murɗa hannu, sai ga fure ya fito da kansa. Hannun yana rawa kafin ya taɓa allon, yana taɓawa sai ya tsaya cak. Kwana tara suka yi a kan gefen nan, shi yana yin kusurwoyi, ita tana bi da ganye, yana yi mata faɗa in ta ɗaga hannu da wuri.

Da aka shirya baje kolin aikinta a wani zaure a cikin birni, alluna goma sha biyu ne, kuma kusa da kowanne ta rataye tsohon katakon da ta samo ko hotonsa, har da ƙyauren awakin, ba ta ƙara masa ko ɗigon fenti ba. Alhaji ya ce ba zai je ba, shi ba ya shiga taron 'yan boko. Ranar da safe sai ga saƙo wai in zo in ɗauke shi. Na same shi ya sa farar babbar riga da ta sha bugu.

Zauren cike yake da ɗalibai da malamansu, suna magana suna haɗawa da Turanci. Suka yi ta zuwa suna durƙusawa suna gaishe shi, wasu suna neman ɗaukar hoto da shi, yana amsawa da kai kamar wanda aka sa dole. Sai wajen azahar tsofaffin direbobi suka fara shigowa, domin dillalin dawan nan na Bacirawa ya baza labari. Su bakwai ne ko takwas, wasu da sanda. Ba su tsaya karanta bayanan da aka liƙa ba. Suka nufi babban allon, ɗaya ya tsaya daga nesa ya nuna da sanda ya ce ga mai zaki nan. Suka zagaye Alhaji suna tuna masa motocinsu ɗaya bayan ɗaya, wane launi ya yi wa wane, wace ce ta faɗi a gada, wace ce aka sayar Agadas. Yana tuna kowacce. Wani malamin kwalejin ya zo ya tsaya a bayansu yana rubutu a littafi, daga baya ya ce mini shekara da shekaru yana koyar da zanen Turawa, bai san akwai wannan a bayan gari ba.

Ita kuwa tana can gefe ta rungume hannu. Na je na ce mata ta yi ƙoƙari, kuma na janye maganar aikin jinya. Ta yi murmushi ta ce ai ban taɓa faɗa mata ba. Na ce a raina na faɗa.

An sayi wasu allunan, babban kuwa ta ƙi sayarwa, ta ce rabinsa ba nata ba ne. Yana rataye yanzu a ɗakinta a Ungogo, inda take koyar da 'yan mata uku haɗa launi.

Bayan sallar layya na bi ta gidan Alhaji in gaishe shi. Ban same shi a zaure ba, Hajiyarsa ta ce in shiga, yana bayan gida yana ɓarna. Na same shi zaune a ƙasa da ƙwarya uku a gabansa, yana tankaɗe jar ƙasa. Ya sa jikar tasa, kamar yadda yake kiranta, ta rubuta masa awon ƙaro da ruwa da ajami a bayan kwalin ashana, yana bi. A jikin katangar ya jera gutattsarin katako, kowanne da fure, wasu sun tsage don ƙaron ya yi yawa, biyu sun fito sumul. Ya ce jar ƙasar gonarsa ta fi ta gonarmu kyau, in gaya mata ta zo ta ɗiba kafin damina. Daga cikin gida Hajiya ta ɗaga murya ta ce in tambaye shi ina ya kai rariyarta ta tuwo. Ya tura ta ƙarƙashin rigarsa, ya ce in ce mata ban gani ba.